Abin Da Na Karanta a Bayan Takardarku

Zuwa ga Babban Jami'i mai kula da asibitin tafi-da-gidanka da ke zagaya ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka baki ɗaya, tun daga likitoci har direban da ke jan farar motarku. Mu nan Sheme sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau, dawa ta shiga rumbu, auduga ma ba laifi.

Sunana Malam Abdu, ana ce mini Tsohon Akawu. Na yi elementare, na yi midil a lokacin da ba kowane yaro ake kaiwa ba, na kuma yi aikin ofis har gemuna ya soma fari. Daga baya aka kawo samari masu takardun da ba ni da su, aka ba ni wasiƙar godiya da agogon bango, aka ce in je in huta. Tun daga ranar mutanen garinmu suka san ni da ɗacin baki, kuma ba ƙarya suka yi mini ba. Ba na yabon ofis. Na faɗi wannan ne don ka san nauyin godiyar da zan fara da ita. Na kuma zaɓi in rubuta a fili saboda abin da zan yi ƙorafi a kansa a fili ya faru, a bakin kasuwa, kuma ba ofishinku kaɗai ke da irin wannan hali ba.

1. Godiya

Shekara shida na yi ina fama da yanar ido. A cikin duhun nan aka canja kuɗi, na san naira da kwabo da yatsa ban san kalarsu ba. A cikinsa aka mayar da motoci hannun dama. Ina jin mutane suna ta labarin arziki ya zo ƙasa, ni kuwa bangon gidana nake lalube.

Sai farar motarku ta zo, likitanku ya duba ni, aka sa mini rana, aka yi aiki. Ranar da aka kwance bandeji aka ɗora mini tabarau mai kaurin gindin kwalba, abin da na fara gani fuskar mai ɗakina ce. Na ce mata ashe ta tsufa. Ta ce, "Malam, a ba ka madubi tukuna kafin ka yi magana." Muka yi ta dariya har nas ta leƙo ta ga ko lafiya. Na dawo gida na ga jikokina da na sani da murya kawai. Wanda nake zaton ƙato ne saboda ƙarar muryarsa, ashe ɗan tsurut ne. Wuni guda na yi ina karanta duk abin da ya gifta gabana: gwangwanin madara, kwalin ashana, rubutun da ke jikin motocin kasuwa, har lambar da ke gindin fitilar ƙwai. Ba ku karɓi ko kwabo a hannuna ba. Ban taɓa zaton zan sake yin murna irin ta yara ba, sai ga shi na yi, kuma har yau da nake wannan rubutu da hannuna ban gama ba. Allah Ya saka muku da alheri.

2. Yadda muke karanta wasiƙa a nan

Dole in bayyana maka wannan, in ba haka ba abin da ya faru ba zai shiga kunnenka daidai ba. Kafin idona ya rufe, ni ne mai karanta wa mutanen Sheme da ƙauyukan gefe wasiƙa. A wurinmu takarda fuska biyu gare ta, kuma kowace da masu ita. Gaban takarda na wanda aka aiko wa ne. Mai karatu kan bi shi da ido tukuna, in ya ga maganar da ba ta jama'a ba ce, sai ya ja mai ita gefe ya faɗa masa a kunne. Amma bayan takarda na kowa ne. A can ɗan da ya tafi neman kuɗi Kaduna ko Ikko yake jera gaisuwa: a gaida Baba wane, a gaida Inna wance, a gaida abokina wane, a ce masa ina nan ban manta ba. Saboda wannan ake taruwa. In an kira sunanka sai ka ɗaga murya ka ce, "Ina amsawa!" Wanda ba a kira ba ya koma gida yana gunaguni. Ba a bin bayan takarda da ido kafin a karanta, domin ba a taɓa ɓoye komai a can ba.

3. Abin da ya faru

Sati uku da samun tabarauna, ranar kasuwa da hantsi, ina zaune a teburin Malam Iro mai shayi a bakin titi. Na nemi izininsa kafin in sa sunansa a nan, ya ce in rubuta shi da manyan baƙaƙe, tunda abin da ake ɓoyewa ya riga ya fita. Shi kaɗai zan ambata. Malam Iro ya fi shekara ashirin yana dafa shayi a wurin nan, babu direban da ke bin hanyar da bai san shi ba. Duk tsawon makantata yana ajiye mini wuri a ƙarshen benci, in zai miƙo mini kofi sai ya juya mariƙin ya sa mini a yatsa, bai taɓa bari na lalube a gaban mutane ba.

Ina nan zaune sai ga wata dattijuwa daga Ruwan Godiya, muna ce mata Gwaggo, riƙe da takarda daga ofishinku, a ninke, ba ambulan. Nan da nan labari ya zaga cewa Tsohon Akawu zai karanta wasiƙarsa ta farko bayan shekara shida. Masu gyaɗa suka bar faifansu, masu awo suka bar mudu, aka kewaye tebur. Na gyara tabarau, na yi gyaran murya. Gaban takarda albishir ne: ana kiran Gwaggo ta shirya, in mota ta dawo za a yi mata aikin ido ita ma. Na tambaye ta ko in faɗa a fili, ta ce in faɗa. Mata suka rangaɗa guɗa. Sai ta ce, "To juya mana, Malam, mu ji waɗanda likita ya gaisar."

Na juya. Ga sunaye an buga da keken rubutu, a jere, kowane da garinsa a gefe. Zuciyata ta ce lallai wannan likita ɗan halal ne, ya san al'adarmu. Na soma kira da muryar gaisuwa. Ranka ya daɗe, da ka ga wurin nan da kai ma ka yi dariya. Wannan ya ce yana amsawa, wancan ya ce yana amsawa. Wani dillalin shanu ya miƙe tsaye ya ce shi dama ya san likita ba zai manta da shi ba. Wani da ba a kira ba ya ce har kaza ya ba direban motar, amma ko gaisuwa bai samu ba. Waɗanda ba na garinmu ba, 'yan uwansu da suka zo cin kasuwa suka amsa musu, suka ce za su kai saƙo. Ni kuwa daɗi ya ɗauke ni, ina ganin ƙananan baƙaƙe tar kamar ina ɗan midil, idona bai bar layin sunaye ba.

Sai na zo kan sunan Malam Iro. Ya ajiye butarsa ya ce, "Ashe likita ya san shayi! Malam, na ga da sauran rubutu gaban sunan, me ya ce a kaina?" Na ja yatsa zuwa dama. Turanci ne. Tsohon akawu kuwa ido na ɗaukar Turanci baki na zubo Hausa, kafin zuciya ta auna. Na ji bakina yana cewa: tari fiye da wata uku, ana zaton tarin fuka, a gwada kaki.

A nan na gane abin da ke hannuna. Shafi ne daga rajistar marasa lafiya, an yanko shi, an juya bayansa an buga wasiƙar Gwaggo. Na ji ana ajiye kofuna a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, wasu ko rabi ba a sha ba. Na ninke takarda na sa aljihu, amma sunaye sun riga sun fita, kuma yanzu kowa ya san akwai rubutu a gaban kowane suna. Ban karanta na sauran ba, ba kuma zan karanta ba, sai dai mutane sun cike wa kowa nasa da bakinsu, kuma abin da suka cike ya fi na takardar muni.

Ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Son a ga na iya ne ya sa bakina ya riga hankalina. Na nemi gafarar Allah, na nemi ta Malam Iro. Amma ni abin da aka miƙo mini na karanta. Wanda ya yanki shafin, da wanda ya buga, da wanda ya sa hannu, da wanda ya ba direban motar haya ba ambulan, duk a ofishinka suke.

4. Halin da Malam Iro ke ciki

Gaskiyar maganar ita ce, shekara biyu da suka wuce ya yi tari, ya je motarku, aka gwada shi, aka ce masa da baki ba tarin fuka ba ne, hayaƙin ɗanyen itace ne. Ya koma gawayi, tari ya tafi. Amma shafin da na karanta na ranar zato ne, babu sakamako a cikinsa.

Tun daga ranar mutanen gari sai su gaishe shi daga nesa su wuce. Direbobi sun ɗan ci gaba da tsayawa, har labari ya kai tasha. Shi dai bai bar wasa ba. Kullum na zo sai ya ce, "Malam, da ka bar idon nan a rufe da mun fi zaman lafiya," sannan ya zuba mini mai kauri. Ya ce shekara ashirin bai taɓa sanin bencinsa na da daɗin zama ba sai bana. Amma da idon da kuka ba ni na ga ya rage burodin da yake sarowa, na ga ya mayar da benci ɗaya gida. Gidansa kuwa baki da yawa. Ya soma zancen in rani ya ƙare a haka, zai naɗe tebur ya tafi Funtuwa dako. Mutumin da furfura ta cika wa kai!

Ni kullum da safe kofi uku nake sha a wurinsa, ina kurɓa da ƙarfi don masu wucewa su ji. Mai ɗakina ta ce na koma warin madara. Bai yi amfani ba. Cewa suke tsoho ne, ya ƙoshi da duniya, shi ya sa ba ya tsoro.

5. Abin da na gani a ofishinku

Na hau mota na zo. Ba zan yi ƙarya ba: an karɓe ni da mutunci. Wani matashin akawu ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya kira ni Baba. Ya gaya mini farar takarda ta ƙare a sito, an ce su yi tattali, ga tsofaffin rajista jibge ba a amfani da su, sai suka ga bayansu fari ne. Ya faɗi haka yana jiran in yaba masa dabara.

Na zauna na kalli wurin da idon tsohon ma'aikaci. Fayil-fayil a baranda an ɗaure da igiya, duk mai jiran layi yana iya ɗagawa ya leƙa. Kabad da kwaɗo a jikinsa, makulli na cikin kwaɗon. Kwandon shara cike da kabon, wanda duk ɗan makaranta ya san in ka ɗaga shi a haske ko ka sa madubi za ka karanta abin da aka buga. Wani ma'aikaci daga wancan tebur yana ɗaga murya yana tambayar na wannan tebur ina katin matar nan mai ciwon kaza, alhali mutane na zaune. A tsakar gida kuwa sababbin babura sai ƙyalli suke, tun da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan. Ƙasa ta yi kuɗin babur, ba ta yi na farar takarda da ambulan ba. A zamaninmu da ba mu da komai, fayil na sirri makullinsa a wuyan mutum ɗaya yake kwana. Mu ne aka ce ba mu da ilimin zamani.

Na roƙi a nemo mini sakamakon Malam Iro. Aka duba, aka ce yana shafi na gaba, shi ma an yanke an buga wa wani wasiƙa. Wa aka aika wa? Ba wanda ya sani. Sai akawun nan, don ya taimake ni, ya zaro jerin sunayen duk waɗanda aka aika wa wasiƙa a wannan zubin, ya miƙo mini. Bai tambayi takardar shaidata ba, bai tambayi wanda ya aiko ni ba. Na karɓa don ina bukata, amma ina shaida maka bai kamata a ba ni ba. Da wani ne mai mugun nufi, haka za a ba shi.

6. Yawon neman takardu

Na ɗauki jakata da littafin rubutu na bi sunayen nan gari gari. Kwana goma na yi: Ƙanƙara, Pauwa, Faskari, har Sabuwa. Ranka ya daɗe, da fushi na fita amma fushin bai kai ko'ina ba. Mutumin da ya yi shekara shida bai ga komai ba, a ɗora shi gaban mota kusa da direba! Na ga karan dawa an tsayar a gonaki, na ga duwatsu, na ga shanu suna gangarawa rafi, na ga gidajen kwano a inda na bar bukkoki. Na yi ta nuna wa direba abubuwa kamar shi ne baƙo, har ya ce, "Baba, kullum nan nake bi."

Duk gidan da na je abu ɗaya nake yi. In karanta wa mai gida gaban takardarsa, in kwafe masa da hannuna a farar takarda, in roƙe shi ya ba ni ta asalin. Ba wanda ya hana ni, kuma ba inda na fita ban ci na ƙoshi ba. A Sabuwa na samu wani ya ninke tasa ya sa cikin hula, wata guda yana yawo da ciwon mutanen Ƙanƙara a kansa bai sani ba. A Faskari wani malamin firamare ne aka kai wa, ya juya ya gani, ya ce musu babu gaisuwa a wannan. Yaro ne a kaina, amma ya fi ni hankali, Allah Ya yi masa albarka.

A Pauwa na dace. Wani manomi ya ɗauko tasa daga cikin gwangwanin da yake ajiye takardun gona. Na juya a hankali, bakina a rufe wannan karon. Ga sunan Malam Iro, ga sakamako a gabansa: babu cutar. Na tashi na taka rawa a zauren mutumin da ban sani ba, shi kuma yana kallona yana tambaya ko an ba ni kujerar Makka ne.

Da na dawo na gaya wa Malam Iro, ya rungume ni, ya fasa gwangwanin madara guda a kofina. Ranar kasuwa na miƙe na faɗa wa jama'a. Sai wani ya ce, "Bakin da ya ce akwai, shi ne kuma zai ce babu? Ai abokinka ne." Aka ce in ba wani mai karatu ya duba a gaban kowa. Na ƙi, domin shafin nan ba Malam Iro kaɗai ke cikinsa ba, akwai mutane sama da shi da ƙasa da shi, wasu kuma sakamakonsu ba irin nasa ba ne. In na yanko layinsa kaɗai, ya zama ɗan ƙyalle ba kai ba hatimi, ba mai yarda da shi. Ga gaskiya a aljihuna, ba ni da halin nuna ta. Sannan takardu biyu ban same su ba. Ɗaya ta faɗi a kasuwa, ɗayar mai ita ya yi tafiya da ita.

7. Dalilin da ya sa abin ya wuce teburin shayi

Mutum yakan gaya wa malamin asibiti abin da bai gaya wa matarsa ba, saboda ya yarda maganar za ta tsaya a ɗakin. Yanzu na ji da kunnena wasu suna cewa in motarku ta dawo ba za su ba da sunan gaskiya ba, wasu sun ce ba za su je ba sam. Gwaggo kanta sai da na lallashe ta kafin ta yarda za ta zo aikin idonta. In masu tari suka soma ɓoyewa, wanda ke da cutar da gaske zai zauna cikinmu ba magani, aikinku mai kyau ya lalace saboda takardar da ba ta kai kwabo ba.

Kuma ina so masu sauran ofisoshi da za su ga wannan wasiƙa su sani da su nake. Yau kowane ofis tambaya yake: mai rabon taki, mai ɗaukar yara makaranta, mai banki, mai kamfanin auduga. Sunanka, sunan mahaifinka, matanka nawa, gonarka ina ta tsaya. Muna faɗa muna dangwala yatsa, ba mu san inda takardar za ta kwana ba. Abin da mutum ya faɗa maka don ka yi masa aiki ajiya ce ya ba ka. Ba ta zama taka ba don tana cikin kabad ɗinka, kuma ba ta daina zama tasa ba don littafin ya tsufa.

8. Roƙona

Na farko, duk wasiƙar da za ta fita daga ofishinku a buga ta a farar takarda, a sa ta a ambulan a manne, a rubuta sunan mai ita. A daina ba duk direban da aka gani.

Na biyu, a kwashe fayil daga baranda a sa a kabad, a cire makulli daga jikin kwaɗo a damƙa wa mutum ɗaya, kuma duk wanda ya ɗauki fayil a san shi a san dalilinsa. Tsohuwar rajista ko dai a kulle ta ko a hallaka ta a gaban shaida, haka ma kabon. Wanda ya zo neman bayanin wani a tambaye shi ko shi wane ne, ko da tsoho ne mai tabarau da daɗin baki. A daina kiran ciwon mutum daga tebur zuwa tebur. Abin da ba ku bukata don yin magani kada ku tambaya, domin abin da ba a rubuta ba ba ya ɓata.

Na uku, kada a kori akawun nan. Na san ɗacin kora, kuma ba mugunta ya yi ba, ba a koya masa ba ne. A koya masa shi da 'yan uwansa. In babu mai koyarwa, ina nan, idona garau, kuɗin mota kawai za ku ba ni.

Na huɗu, a bi sawun takardu biyun da suka rage, kuma a aika wa mutanen da sunayensu suka fita, kowa shi kaɗai, a ba su haƙuri. Suna da haƙƙin su san abin da ya faru da maganarsu.

Na ƙarshe shi ne babba, kuma ba takarda za ta yi shi ba, tunda mutanenmu yanzu ba su yarda da takarda ba, ba su yarda da mai karanta ta ba. Ka zo da kanka, cikin farar motar da kowa ya sani, ranar kasuwar Sheme, kafin rani ya ƙare. Malam Iro ya yarda ka faɗi sakamakonsa da bakinka a gaban jama'a, kalma biyu ce. Shafukan da na tattaro suna nan cikin gwangwani na ɗaure da zare, ban nuna wa ko mai ɗakina ba, kuma ba zan ba masinja ba, sai hannunka. In ka duba ka kwafi abin da ofis ke bukata, sai mu zuba su a murhun Malam Iro a ƙarƙashin buta. Shayin da suka tafasa kai za a fara zuba wa, a kofin da kowa ke sha, ka sha a tsaye inda masu awo da direbobi za su gan ka. Malam Iro ya ce in tambaye ka tun yanzu ko kana son sukari da yawa, kuma kada ka zo da kuɗi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya yi riƙo da hannunka a wannan aiki, Ya sa albarka a hannun likitocinka, Ya tsare motarku a hanya. Yadda mutane suka ba ku sirrinsu, Allah Ya ba ku ikon riƙewa. Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira, kai da zuriyarka, Ya kuma kawo ka Sheme lafiya tun wutar murhun nan ba ta mutu ba.

Wassalam.

Naka mai godiya,
Malam Abdu Tsohon Akawu,
Sheme.